Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasa Masu Aikin Sauti da Haske

 

'Ya'yana da ake yayewa yau, ina taya ku murna. Kun zaɓi sana'ar da ba a tafa wa mai yin ta. Jama'a mawaƙi suke zuwa gani, ku kuwa ba a tuna da ku sai lasifika ta yi ƙara ko fitila ta ɗauke. Da yawanku za ku bi ayarin bukukuwan kiɗa masu yawo gari-gari, don haka a kan wannan rayuwa zan tsaya.

Ku dubi abin da ya faru a Mali. A 2001 aka fara Bikin Hamada a yankin Kidal, ƙarƙashin jagorancin Manny Ansar. Daga 2003 ya zauna a Essakane, cikin yashi, yamma da Timbuktu, inda Ali Farka Touré da Oumou Sangaré da Tinariwen suka hau dandamali. Duk wanda ya kalli hotunan, raƙuma da rawuna yake gani. Ba ya ganin waɗanda suka yi dakon janareto da man da zai sha, da ruwa, da katakon dandamali, a hanyar da mota ke kafewa sai an tone ta da shebur. A 2010 rashin tsaro ya sa aka dawo da bikin bakin Timbuktu, na Janairun 2012 kuma shi ne na ƙarshe a can, domin 'yan bindiga sun kama arewacin ƙasar sun haramta kiɗa. Bikin bai mutu ba. Masu shi sun haɗa kai da bikin Segu na bakin kogin Neja da bikin Taragalte na Maroko, suka mai da shi ayarin zaman lafiya mai yawo. Mawaƙa suna da muryarsu a wuyansu, amma sauran komai a kan irinku ya yi tafiya.

Ga yadda ranar aikinku take a cikin irin wannan ayari. Ku ne farkon sauka, ku ne ƙarshen tashi. Kafin mawaƙi ya farka kun kafa ƙarafa, kun ja wayoyi, kun gwada kowane makirufo ɗaya bayan ɗaya. Sha biyun dare jama'a su watse, ku kuma a lokacin aikinku na biyu ke farawa: a naɗe waya yadda ba za ta murɗe ba, a ƙirga akwatuna, a loda mota ta yadda abin da za a fara buƙata gobe shi ne a bakin ƙofa. Barcinku a kujerar mota ne. A kan iyaka, jami'in kwastan zai nemi takardar kaya, lambar kowace na'ura sai ta dace da abin da aka rubuta, in ba haka ba ayari ya kwana a nan, gari guda yana jira.

Ƙura ita ce abokiyar gabarku ta kullum. Tana shiga miksa, maɓalli ya fara ƙarar tsatsa, don haka a rufe kaya da zarar an gama. Sanyin dare yana sauya sautin tsirkiya da fatar ganga, sai a sake saiti. Busasshen yashi kuma ba ya shan wutar da ta ɓalle, sai an kafa sandar ƙarfe mai saukar da wuta ƙasa da zurfi, an jiƙa gindinta. Wanda ya yi ganganci da wannan, mawaƙi zai kai makirufo baki wuta ta ja shi.

A nan nake roƙonku da babbar murya. A watan Agustan 2011 iska ta rusa rumfar dandamali a jihar Indiyana ta Amurka, mutum bakwai suka rasu. Wata rana mai shirya biki zai matsa muku a ci gaba, hadari na haɗowa, an riga an sayar da tikiti. Ku ce a dakata. In ya yi fushi, ya yi. Ilimin da aka ba ku a nan shi ya ba ku ikon faɗin haka.

Ku kuma masu ɗaukar waɗannan yara aiki, ku rubuta musu yarjejeniya kafin mota ta tashi, ku ciyar da su abin da mawaƙa ke ci, ku bar direba ya yi barci, ku biya su hakkinsu kafin guminsu ya bushe. Iyaye, ku sa musu albarka, sana'a ce ta hannu da ƙwaƙwalwa, ana riƙe gida da ita.

Allah ya tsare muku hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a abin da za ku samu. Mai girma shugaba, ga ɗalibanka, a miƙa musu takardunsu.