Jawabin Shugaban Kwamitin Iyaye da Malamai a Bikin Ƙaddamar da Rijiyar Burtsatse da Makewayin 'Yan Makaranta a Kufena, Zariya



   

Duk wanda ya ɗaga kai daga wannan fili zai ga Dutsen Kufena, kuma in ya ɗan zaga zai tarar da ragowar ganuwar da magabata suka kewaye shi da ita. Sun yi ta ne don mahara. Maharan da ke ɗauke mana yara a yau ta cikin randa suke shigowa: gudawa, kwalara, taifot, da tsutsar ciki. Yaron da ya kwana yana gudawa ba ya gane karatu da safe, ko da malaminsa ya fi kowa iya koyarwa. Yarinyar da ta fara girma kuwa, in babu makewayi mai ƙofa a makaranta, gida take zama kwanakin al'adarta. Ta yi fashin kwana uku a wannan wata, huɗu a wancan, har wata rana a neme ta a aji a rasa, mu kuma mu ce ba ta son boko.

Kada wani ya ce wannan ƙaddara ce da ba ta da magani. Dattawan da ke nan sun san kurkunu. A ƙidayar 1988 an sami sama da mutum 650,000 ɗauke da shi a Nijeriya, manoma na kwance da damina, yara na jan ƙafa. Ba allurar rigakafi ce ta kore shi ba, domin ba shi da ita. Tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga kududdufi su suka yi aikin. Janar Yakubu Gowon, wanda ya taso a nan kusa, a Wusasa, ya bi ƙauye-ƙauye tare da Cibiyar Carter yana roƙon jama'a da hukumomi a kan haka. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kurkunu ya ƙare a ƙasar nan. Jikokinmu sai dai su ji sunansa.

Tun 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta ruwa mai tsabta cikin haƙƙoƙin kowane yaro, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar a 1991. Takarda dai ba ta jan ruwa, sai an sa hannu a aljihu, kuma yau kun sa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Abu ɗaya ke damuna, kuma zan faɗe shi a gaban shugabanni. Famfunan da suka mutu wata shida bayan biki irin wannan sun yi yawa a ƙasar Zazzau. Saboda haka kwamiti ya buɗe asusun gyara, kuma ya damƙa makullai a hannun ɗalibai, maza da mata. Su za su duba sabulu da buta kowace safiya, su kawo rahoto in wani abu ya lalace. Ku yara, amana ce muka ba ku, kuma za mu saurare ku in kun yi magana.

Iyaye, ina roƙonku: a biya kuɗin gyara a kan lokaci, a wanke wa ƙanana hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma duk yarinyar da ta bar aji a dawo da ita ranar Litinin.

Allah ya raya mana su, ya ba Zazzau lafiya.