Yawan Cibiya ko Dacewa da Aiki: Zaɓen Furosesa Domin Uwar Garke



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne zaɓen furosesa, watau ɓangaren kwamfuta da ke aiwatar da lissafi da umurni, domin uwar garken da za ta ɗauki shafin intanet da rumbun bayanai gaba ɗaya. Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Ranar da aka buɗe rajistar ɗalibai, ko aka fitar da sakamakon jarrabawa, in na'urar ta gaza, ɗimbin mutane ne za su wuni suna jira, alhali an riga an kashe kuɗin jama'a wajen sayenta.

Bari mu fara da asali. Shekaru da dama, ƙarin saurin bugu shi ne hanyar da maƙera ke bi su inganta furosesa. Amma wajen shekarar 2004 zafi da cin wuta suka tare wannan hanya, sai aka koma ga haɗa masu lissafi fiye da ɗaya cikin ƙwaya guda. Kowane ɗaya daga cikinsu shi ne za mu kira cibiya. Kamfanin IBM ya fitar da POWER4 mai cibiya biyu tun 2001, kana AMD da Intel suka biyo baya a 2005. EPYC ta kamfanin AMD ta fito da cibiya 32 a 2017, ta kai 64 a 2019, sa'an nan 192 a 2024.

To, shin wanda ya fi yawan cibiya shi ya fi dacewa? Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma wannan sai in aikin mai rabuwa ne. Idan aka kira gayya, kowa ya kama kunyarsa, lalle noma zai yi sauri. In kuwa ruwa za a ja a rijiya mai guga ɗaya, ko mutum ɗari aka tara, ɗaya ne zai ja, saura su tsaya kallo. Wannan shi ne abin da Gene Amdahl ya bayyana a 1967. Bisa lissafinsa, in kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, cibiya 8 za ta ba da saurin da bai kai ninki biyar ba, cibiya 64 ba za ta kai ninki tara ba, kuma komai yawan da aka ƙara ba za a wuce ninki goma ba.

Aikin shafin intanet ya yi kama da gayya. Buƙatar wannan baƙo ba ta jiran ta wancan, saboda haka manhaja irin su Nginx takan ba kowace cibiya ma'aikaci guda, aiki ya tafi kafaɗa da kafaɗa. A nan yawa yana da amfani.

Rumbun bayanai kuwa ya fi kama da rijiya. Idan mutum biyu suka nemi sauya bayani ɗaya a lokaci guda, tilas ɗaya ya dakata har ɗayan ya gama, domin kada lissafi ya rikice. Bugu da ƙari, yawancin ƙananan tambayoyi cibiya ɗaya ce ke amsa su daga farko har ƙarshe. PostgreSQL ma sai a 2016 ta fara raba tambaya guda ga cibiyoyi da dama, kuma manyan tambayoyi ne ke cin wannan moriya. Domin haka saurin kowace cibiya ita kaɗai yana da nauyi ƙwarai. Sau da yawa ma ba furosesa ce ke kawo jinkiri ba, jiran bayani daga faifai ne, gama ɗauko abu daga ma'adanar wucin gadi, wadda ake kira ram, ya fi ɗauko shi daga faifai sauri ninki ɗaruruwa.

Akwai kuma batun kuɗi. Tun daga fitowar 2012, Microsoft na sayar da lasin SQL Server bisa adadin cibiya, Oracle ma da cibiya yake lissafi. Ke nan cibiyar da ba ta aikin komai ana biyan kuɗinta. Daɗin daɗawa, manyan furosesa na cin wuta har wat 500, kuma duk wutar nan zafi take komawa. A inda ake dogaro da janareta, ga zafin bazara, wannan ɗawainiya ce ta kullum.

Shawarata guda huɗu ce. Na farko, a auna aikin kafin a je kasuwa: baƙi nawa ne a lokacin cunkoso, kuma ina jinkirin yake? Na biyu, in na'ura ɗaya ce za ta ɗauki ayyukan biyu, a zaɓi matsakaicin adadin cibiya masu sauri, maimakon tarin cibiya masu nawa. Na uku, a sanya rarar kuɗin cikin wadataccen ram mai gyara kuskure da faifai irin NVMe. Na huɗu, in aiki ya bunƙasa, a raba shafin da rumbun, kowanne da na'urarsa, ta yadda za a saya wa kowanne abin da ya dace da shi.

A taƙaice, mai sayarwa zai nuna muku adadi mafi girma, domin shi ke jan ido. Ku kuwa ku tambaye shi: wane kashi na aikinmu ne ke rabuwa? Amsar wannan tambaya ita ya kamata ta yanke hukunci.