Kafin a Yanke Mana "Indomi": Jawabi ga Masu A-kori-kura

 

Mu dai ba makanikai ba ne, wuya ce ta koya mana abin da za mu faɗa. Da yawanmu a nan Legas da tsofaffin a-kori-kura na tokumbo muke kwasar albasa da tumatir daga Mile 12 zuwa ƙananan kasuwanni. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, duk motar da ta fara zuƙar mai fiye da ƙa'ida, to ribar yini ta tafi. Maganarmu kan masu shan fetur ce, ban da tsofaffin masu dizal.

A jikin salansa akwai wani tulu da ake kira katalis, makanikai kuma su ce indomi. Cikinsa kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, su ke rage dafin hayaƙi. Gabansa da bayansa akwai oksijin sansa. Ta gaba ke gaya wa birenbos ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ta baya kuwa 'yar sa-ido ce, duba katalis take yi ko yana aikinsa.

Mu abin ya taɓa cin mu. Motarmu ta fara karkarwa, ba ta iya hawan gada da lodi, fitilar cek injin ta kama. Wani makanike ya sa kwamfuta, ya ce indomi ne, a yanke. Muka ce to. Ƙarfi ya ɗan dawo, amma karkarwa na nan, shan mai na nan, har ran da ta tsaya mana da kwandunan tumatir cikin rana. Ashe kwayil guda ce ta mutu, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana narkar da katalis. Indomin namu kuwa har yau ba mu sake ganinsa ba. Akwai masu sayensa saboda ƙarafan nan.

To jama'a, ga abin da muka koya. Motocin da aka ƙera wa Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, nan ake jona kwamfuta. In ta nuna P0420, cewa take katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Ba ta ce a yanke ba. Sansa da ta gaji tana iya jawo wannan lamba, haka ma huji a salansa kusa da sansa, domin iska na shiga ta ruɗe ta. Saboda haka a bari injin ya yi zafi, a ce wa mai kwamfuta ya nuna karatun sansa biyun. Ta gaba mai lafiya tana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9. In ta yi nawa ko ta kafe wuri guda, ita ce abar zargi. (Wasu Toyota suna da wata irin ta gaba mai karatu daban, a tambaya tukuna.) Ta baya kuma ya kamata ta zauna kusan wuri guda. In tana rawa irin ta gaba, katalis ya gaji, ko kuma an riga an kwashe cikinsa an mayar da gwangwani. In kuwa P0135 ko P0141 aka gani, maganar hitar cikin sansa ce, rewaya ya duba fiyus da waya kafin kowa ya tafi Ladipo sayen sabuwa.

Toshewa kuwa ko babu kwamfuta ana ganewa. A kwance sansar gaba, a ɗan zagaya da motar kaɗan. Za ta yi ƙara, amma in ƙarfi ya dawo, hayaƙi ne ba ya samun hanya. In salansa ta huce a bubbuga tulun da gudumar roba, in an ji kacau-kacau, cikin ya farfashe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ma alama ce. Fitilar cek injin in tana ƙyaftawa, don Allah direba ya nemi gefe ya tsaya, a lokacin ne katalis ke ƙonewa.

Kuma da wuya katalis ya mutu haka kawai, kashe shi ake yi: fulogi ko kwayil da ba sa ba da wuta, injin mai shan baƙin mai, ko gasket da ke barin ruwan lagireto ya shiga. Wanda ya sa sabo bai gyara waɗannan ba, zai sake saye.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne ƙungiya ta sayi kwamfutar nan guda, a koya wa yaranmu biyu karanta ta. Kafin nan, duk wanda zai kai mota aikin salansa ya tsaya a kanta ko ya bar yaronsa, ya kuma karɓi duk abin da aka cire.