Kunyar Ɗan Fari Da Lafiyar Maijego

(Jawabin da wata ƴar'uwa daga ɓangaren mata ta gabatar a taron ƙungiya a Waca)

Malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin ƙungiya, matasan Waca da baƙinmu da suka taso daga Magarya da Dungas, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana a kan haihuwar fari. Da farko na so in ƙi, don a gidanmu mace ko sunan ɗan farinta ba ta kira, balle ta tsaya gaban iyaye tana ba da labarinsa. To amma dai wannan kunyar ce zan taɓa, sai ku yi mini afuwa.

Cikina na da wata bakwai aka maida ni gidanmu goyon ciki. Na haihu a likita cikin damina, ɗa namiji. Har zuwa ranar suna gida cike yake da ƴan barka, ban san ma na gaji ba. Da aka watse ne na gane an shiga wata rayuwa. Wankan jego safe da yamma, kunun kanwa a bisa, dare kuma ba barci. Yaro zai yi kuka, nono na yi mini zafi, amma ina zaune ina jiran Inna ta ce, "Ke, ɗauki abinki ki ba shi." In na riga ta, ai sai a ce ba ni da kunya.

Wajen kwana goma sha biyu ƙafafuna suka kumbura, kaina na sara, in na kwanta numfashi ya riƙa yi mini wuya. Na yi shiru, don kada a ce ƴar zamani ce, ragguwa, ta kasa wankan da uwayenta suka yi. Gwaggona ce ta shigo da asuba ta tarar da ni ina barci a zaune, jingine da bango. Ta ce, "Ɗiyata, tun yaushe kike kwana haka?" Na ce kwana uku. Ko kari ba a yi ba aka nemo kabu-kabu. A likita aka auna, aka ce jinina ya hau sosai. Aka ba ni magani, aka ce a dakatar da kanwa, a rage gishiri, a sassauta zafin ruwan wanka. Alhamdulillahi, ga ni gabanku, yaron kuma yana can yana ɓarna.

Iyayenmu mata, ban zo raina al'ada ba. Goyon ciki gata ne babba: kwana arba'in ana dafa maki, ana yi maki wanki, ana koya maki riƙon jinjiri. Abin da nake roƙo, a buɗa wa maijego ƙofar magana. Wadda ta haihu biyar ta san ciwon da ke wucewa da wanda ba ya wucewa. Mai haihuwar fari ba ta sani ba, ga shi kuma ita ce aka fi ɗora wa kunya.

Ga abubuwan da ba a jiran gari ya waye a kansu. Ga uwa: zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko ƙafa, da wahalar numfashi. Ga jinjiri: in ya ƙi kama nono, in jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, in numfashinsa ya yi sauri, in cibiya na ruwa ko wari, in ya yi jijjiga, ko tafin hannunsa ya koma ruwan ɗorawa. Akwai kuma ciwon da ba a gani: maijego ta riƙa kuka ba dalili, abinci ya fita ranta, ta ji ba ta son ɗaukar ɗanta. Wannan ƙuncin bayan haihuwa ne, a likita an san shi. Kada a yi mata gori.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da ɗa cikin awa 24 na farko, sai kwana na 3, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na 6. Kun ga mako shidan nan ya faɗa daidai da gama wanka, lokacin ne kuma ake ci gaba da rigakafin yaro. Saboda haka kafin a tafi yawon arba'in, a ɗauki karne a fara biyawa ta likita. Dakashi kuma kada a matse shi a zubar, shi ne kariyar farko ta jinjiri. Wata shida nono zalla, ko a zafin bazara, don ruwan da yake buƙata yana cikin nonon.

Yanzu gare ku, ƴan'uwa maza. Wasunku da an kai mata gida, an yanka rago, shi ke nan sai ranar dawowa. Kuna kunyar surukai, mun sani. To amma makarantun mazaje da ake labarinsu har a wasu ƙasashe, a jiharmu ta Damagaram aka fara su a 2008, kuma magidantan Bande, nan kusa da mu, suna cikin waɗanda suka yi suna a kai. Maza ne suka zauna suka koyi sha'anin awo da haihuwa, ba wanda rawaninsa ya faɗi. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin mai da na abinci suna wuyanka. Ka ajiye ƴan jikkuna tun ciki na wata shida. Ka riƙe lambar mai babur ko mai amalanke, ka san halin hanyoyinmu in ruwa ya sauka. Ka sayi gidan sauro. In ka je gaida surukai, ka samu keɓe ka tambaye ta da bakinka: "Ya jikinki? Kina samun barci?" Kuma ka tsaya ka ji amsar.

Roƙona ga ƙungiya ɗaya ne. Kamar yadda muke da masu zuwa gaida marasa lafiya, ɓangaren mata ya ware ƴan'uwa biyu a kowace unguwa, masu leƙa mai haihuwar fari bayan suna, lokacin da ƴan barka suka ɗauke ƙafa. Abin da ba za ta iya gaya wa uwarta ba, sau da yawa takan gaya wa sa'arta.

Ƙannena masu ciki yanzu, ku riƙe kunyarku wajen kiran suna, wannan ado ne. Amma in jiki ya canza, ku faɗa tun da wuri.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya saka wa iyayenmu da alheri.