Kiɗa Ba Lasifika: Abin da Ƙaramin Taro Yake Koya wa Makaɗi



Da farko ina miƙa godiyata ga waɗanda suka shirya wannan lacca, da suka ga ya dace a kira makaɗi ya yi magana da bakinsa a wurin da aka saba yin magana a kansa. Hausawa dai sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ni ba shehin malami ba ne. Malamin firamare ne ni har na yi ritaya, kuma tun 'yan shekaru bayan naira ta maye gurbin fam a 1973 nake kaɗa gurmi a zauruka da ƙofofin gidaje da tashoshin mota, wajen suna da ajo da hirar dare. Taron da na saba da shi da wuya ya wuce mutum talatin ko arba'in. Abin da nake so in tabbatar muku a yammacin nan shi ne, irin wannan ƙaramin taro da ba a kafa lasifika shi ne makarantar da waƙar Bahaushe take girma a cikinta, kuma makarantar nan tana rufewa muna ji muna gani.

Kayan kiɗa masu ƙaramar murya

Bari mu fara da kayan aikin kansu. Gurmi ɓarin ƙwarya ne da aka rufe bakinsa da fatar damo ko guza, aka zura masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu. Kuntigi kuwa gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak. Kukuma ƙanwar goge ce, tsirkiyarta gashin wutsiyar doki. Wanda yake son cikakken jerin waɗannan kaya da sunayen sassansu zai same shi a ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971. Abin lura a nan shi ne, dukkansu muryarsu ƙarama ce, ba ta ƙetare tsakar gida. Tambari da kakaki an yi su ne don fada, gangar noma kuma don gona, watau wuraren da ake so amo ya yi nisa. Su kuwa waɗannan an yi su ne don mutanen da ke zaune kusa da kai, har kana ganin ƙwayar idonsu. Saboda haka kiɗan ba ya danne magana, ɗaukar ta yake yi, kuma kowace kalma da ta fita daga bakinka sai an ji ta an auna ta.

Har ila yau, kayan nan suna da halin abu mai rai. Da damina fatar gurmi takan saki, amonta ya mutu, sai ka kara ta kusa da garwashi kafin ta farfaɗo. Da hunturu kuwa takan ɗaure ƙwarai, in ka yi sakaci ta tsage. Wuri ma yana da nasa hali. Zauren ƙasa mai rufin soro yakan riƙe murya ya mayar maka da ita da taushi, amma rufin kwano watsa ta yake yi, in kuwa ruwan sama ya sauko a kansa to sai ka ajiye gurmi a yi hira har ya ɗauke. Babu littafin da ya koya mini waɗannan abubuwa, a zaurukan mutane na tsince su.

Yadda daren wasa yake tafiya

Mutane da yawa suna zaton aikin makaɗi yana farawa ne sa'ad da ya taɓa tsirkiya. Ba haka ba ne. Nakan isa gidan biki tun kafin la'asar, in gai da mai gida, sa'an nan in nemi wani dattijo ko wata tsohuwa da ta san gidan ciki da waje. A wurinsu zan ji sunayen mutane da asalinsu da sana'arsu, in ji wanda ya yi aikin hajji, da wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Babban makaɗi yana da sanƙira da yake yi masa wannan aiki. Ƙaramin makaɗi shi ne sanƙiran kansa.

Bayan sallar isha'i sai in zauna, in ba bango baya don murya ta tafi gaba. Nakan buɗe da ambaton Allah da salatin Annabi kamar yadda aka saba, a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. A nan ne sabon makaɗi yakan karaya, domin a farkon zama kusan ba wanda yake kula ka. Yara ne ke fara matsowa, sa'an nan samari, dattawa kuwa sai can daga baya, kamar ba don kai suka zo ba. Mata suna bayan katanga, ba ka ganin su, amma guɗarsu ita ce ma'aunin da ba ya ƙarya. In aka yi guɗa a kan wani ɗan waƙa, ka maimaita shi. In ka ji hira ta ɓarke a gefe, to ka tsawaita, sai ka sauya kari ko ka ambaci sunan mai surutun. Sanin lokacin ajiye gurmi ma fanni ne, gara ka tashi ana cewa ka ƙara da ka zauna har a fara hamma.

Masu sauraro su ne malamai

Ɗaliban Hausa da ke nan sun san yadda manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka fayyace ginin waƙar baka, cewa akwai gindin waƙa da ake komawa gare shi, akwai kuma ɗiya da ake jerawa. Abin da zan ƙara daga ɓangaren mai yin abin shi ne, gindin ne kawai nake zuwa da shi daga gida. Ɗiyan a wurin ake haifar su, kuma da taimakon waɗanda ke zaune.

Alal misali, na taɓa yin wata waƙa a kan direbobi, na kai ta wata tasha da daddare. Ina cikin rerawa wani tsohon direba ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, kai dai fasinja ne. Ka yabi mai gudu, alhali mu a wurinmu gwani shi ne wanda ya shekara bai taka ko kaza ba.” Aka yi dariya, na ji kunya, amma nan take na rushe ɗiyan nan na gina wasu, waƙar kuma ta fi yadda na zo da ita nesa ba kusa ba. Wani karon kuma, a wani ƙauye, na yabi wani mutum da wata fadama da na ji an ce tasa ce, ashe ana shari'a a kanta tsakaninsa da ɗan'uwansa, ɗan'uwan kuwa yana zaune a gabana. Wuri ya yi tsit. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita, rabin taron suka bi shi. Washegari sai da na je har gida na ba shi haƙuri. Tun daga ranar na gane cewa yabo da zambo ba su da nisa da juna, kuma maganar da makaɗi ya yi a gaban mutum arba'in da suka san juna ta fi nauyi a kan wadda ya yi a gaban dubu da ba su san juna ba.

Manyan da muke alfahari da su a irin wannan makaranta suka yi karatu. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya kuma rasu a 1999, a dandali da kasuwannin ƙauye ya fara, tun kafin Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a 1975, tun kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Adamu Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946 wanda ya rasu a 2015, da kuntigi kaɗai ya zagaya duniya, ba 'yan amshi, kuma wanda ya saurari waƙarsa ta Karen Mota ya san mai ita ya zauna da mutanen tasha ya ji koke-kokensu. Haruna Uji na Haɗeja da gurmi irin wannan nawa ya yi suna. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya na taron mata ta fito. Rediyo ya same su ne bayan ƙananan taruka sun riga sun gyara su.

Maganar kuɗi

Ba zan ɓoye muku ba, sana'ar nan ba ta da albashi. Ƙaramin makaɗi ba ya yin ciniki kafin ya zauna, abin da aka jefa a faifai ko aka liƙa masa a goshi shi ne rabonsa. Wani dare ka koma da kuɗin cefanen mako, wani dare kuma goro biyu da kwanon tuwo. Liƙin ma doka ba ta bar shi ba, domin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya sa shi cikin laifin wulaƙanta naira. A farkon 2023 kuwa, da aka yi ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira, mun ga yadda abincin makaɗi yake rataye da zare ɗaya, mutane su ji daɗin waƙa har ransu amma ba abin da za su jefa.

Ku gafarce ni, ma'aikata, in faɗi ɗaya da ta shafe ku. An taɓa gayyata ta wata ma'aikata walimar ban kwana da wani babba. Na zauna a bayan lasifika tun hantsi har la'asar ana jawabai, sa'an nan aka ce in yi minti biyar kafin a raba abinci. Da na gama aka ce takardar biyana tana ofis, in dawo mako mai zuwa. Na yi sawu huɗu, kuɗin motar da na kashe ya fi abin da aka yi mini alkawari, na haƙura. A ƙauye ba a taɓa yi mini haka ba. Talakan da ba shi da ko kwabo yakan raka ka har bakin hanya ya sa maka albarka.

Abin da ya sauya

Zamani ya zo da na'ura, kuma ba duka ne sharri ba. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryar makaɗanmu inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba, kaset kuma ya adana mana waƙoƙin da da sun bi masu su kabari. Amma daga 1990, shekarar da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano, harkar finafinan Hausa ta bunƙasa, tare da ita kuma waƙar fiyano da kwamfuta da ake haɗawa a ɗakin ɗaukar murya. A yau biki a birni ya koma ɗakin taro na haya, da janareto da manyan lasifikoki da yaron da ke sa waƙoƙi daga na'ura. A ƙauyuka da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa rashin tsaro ya kashe zaman dare ɗungurungum, ba mai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan isha'i.

Ban zo nan don in zagi yaranmu masu fiyano ba, akwai masu basira ƙwarai a cikinsu. Abin da nake ji musu shi ne, waƙarsu takan fita duniya kafin wani tsohon direba ya sami damar ɗaga hannu ya ce an yi kuskure. Ni ma an sha kafa mini lasifika, na kuma ga abin da take yi. Jama'a suna ji na sosai, amma ni na daina jin su. Ba na jin guɗa, ba na jin gunaguni, ba na jin wanda ya gyara mini suna. Makaɗin da ya daina jin mutane kuwa, ko da muryarsa ta cika gari, karatunsa ya tsaya.

Kammalawa

Zan rufe da roƙo uku, tun da roƙo dai gadon sana'armu ne. Na farko ga jami'a. Kun rubuta kundaye masu yawa a kan makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya saka muku da alheri, amma masu rai ma suna nan. A ware ɗaki ɗaya, ko inuwar bishiya, sau ɗaya a wata, a kira mai gurmi ko mai kukuma ko masu ƙwarya, a zauna a tabarma ba lasifika, a kuma biya su haƙƙinsu a ranar. Na biyu ga ɗalibai. In kun je ɗaukar waƙa don bincike, ku nemi izini, ku rubuta sunan mai ita daidai, ku mayar masa da kwafi, kuma ku rubuta wurin da aka yi ta da abin da masu sauraro suka ce, domin rabin ma'anar waƙar a nan take. Wanda kuma ransa ya raya masa ya koyi kaɗawa, kada kunyar a kira shi maroƙi ta hana shi. Na uku ga ma'aikata. Ranar da za ku yi suna ko aurar da 'ya, ku bar wa ƙaramin makaɗin unguwarku ko da sa'a ɗaya, a kashe janareto, a saurare shi. In ya yi kuskure ku gyara masa a nan take, kamar yadda aka gyara wa waɗanda suka gabace shi.

Shugaban taro, na zo da gurmina yana nan a gefe. In an amince, bayan tambayoyi ina roƙon a kashe wannan lasifika, waɗanda ke baya su matso gaba, mu gwada abin da na faɗa.

Allah Ya sa mu dace, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.