Bawul ɗin Solenoyid: Yadda Yake Aiki da Abin da Ke Hana Shi Aiki a Gonakinmu



Gabatarwa

Injin wanki, famfon gidan mai, babban janareton dizal da bututun ban ruwa na zamani, kowannensu na ɗauke da wata 'yar na'ura da ke buɗe wa ruwa ko mai hanya, ta kuma rufe, ba tare da hannun mutum ba. Ita ce bawul ɗin solenoyid. Wannan takarda za ta bayyana yadda yake aiki, ta kuma nuna cewa sau da yawa idan ya ƙi aiki a gonakinmu, kuskuren yana wajen zaɓe da haɗawa ne.

Asali da kayan ciki

A shekarar 1820 Hans Orsted, ɗan ƙasar Denmak, ya gano cewa wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana haifar da maganaɗisu. A 1910 kamfanin ASCO na Amurka ya fara ƙera irin wannan bawul don sayarwa.

Kayan cikinsa kaɗan ne: kwail, wato siririyar wayar tagulla da aka naɗe sau da yawa, ɗan sandan ƙarfe mai roba a baki, sifirin, sai ƙofar da ruwa ke bi. Idan wuta ta shiga kwail, maganaɗisu ya ja sandan sama, ƙofa ta buɗe. Da an yanke wuta, sifirin ya mayar da shi ya toshe. Wannan shi ne mai zama a rufe, kuma shi ya fi yawa, domin ko an ɗauke wuta da tsakar dare ruwa ba zai yi ta zuba ba. Akwai kuma mai zama a buɗe, wanda sai an ba shi wuta yake rufewa.

Iri biyu

Ta fuskar yadda ƙofar ke buɗewa, bawul iri biyu ne. A na farko, sandan da kansa yake buɗe ƙofar. Ba ya buƙatar ƙarfin matsin ruwa wajen buɗewa, sai dai ƙofarsa ƙarama ce.

Na biyu shi ake sa wa manyan bututu, kuma da ƙarfin ruwan yake aiki. A cikinsa akwai faifan roba mai ɗan ƙaramin huji. Ruwa yakan bi ta hujin ya taru a saman faifan, ya danne shi a kan babbar ƙofa. Idan kwail ya samu wuta, sandan ya buɗe wata 'yar kafa da ta fi hujin faɗi, ruwan saman ya tsiyaye da sauri fiye da yadda yake shiga, sai ruwan ƙasa ya ɗaga faifan. Saboda haka ne ƙaramin kwail ke iya sarrafa bututu mai inci biyu.

Inda matsala take

Na biyun nan yana da sharaɗi: yawancinsu suna buƙatar bambancin matsi tsakanin mashigar ruwa da mafitarsa na kusan bar 0.3 zuwa 0.5. Ruwan da ya sauko daga tsayin mita 10 ne ke ba da kusan bar 1. Ke nan tankin da aka ɗora a kan mita 2 bai wuce bar 0.2 ba. Manomi zai ji bawul ya yi ƙas, alamar wuta ta shiga, amma ruwa sai ɗigo.

Sai yashi. Ruwan rijiyar burtsatse da na fadama ba sa rabuwa da shi, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwaya ɗaya ta toshe hujin faifan, bawul ya ƙi rufuwa. Ta toshe 'yar kafar, ya ƙi buɗewa. Idan datti ya hana sandan kaiwa maƙura a bawul mai amfani da wutar gida, kwail zai yi ta gurnani yana jan wuta fiye da kima har ya ƙone.

Roba ma iri-iri ce. EPDM tana jure ruwan zafi amma fetur da dizal suna lalata ta. NBR ce ke jure mai.

Shawarwari

Ɗaya, a auna tsayin tanki kafin a je kasuwa. Idan bai kai mita 5 ba, a nemi bawul mai buɗewa ko babu matsi. Biyu, a sa filta a gabansa, a riƙa wanke ta. Uku, a karanta rubutun jikin kwail: na ban ruwa galibi bolt 24 ne, kuma wutar gida mai bolt 230 za ta ƙone shi nan take. Huɗu, a bi kibiyar da ke jikin bawul wajen ɗaurawa. Biyar, gonar da ke dogara da batir da sola ta ɗauki irin da ke cin wuta lokacin buɗewa da rufewa kawai.

Ina kira ga kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin masu aikin famfo su sa wannan darasi a cikin horon yaransu, a kuma kwance bawul a gabansu su ga cikinsa da idonsu.