Tsoho a Gidansa: Darasi daga Ƙasar Japan

 



An ɗora mini in yi magana a kan muhallin tsofaffi. Zan ɗauko misali daga Japan, wadda take cikin ƙasashen da suka fi yawan tsofaffi a duniya, inda kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'arta suka kai shekara 65 ko suka haura.

A shekarar 2000 gwamnatin ƙasar ta fara aiki da tsarin inshorar kula da tsofaffi. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan wani kaso, gwamnati kuma tana cika rabin kuɗin daga haraji, sannan hukumomin garuruwa su gudanar da shi. Idan ƙarfin tsoho ya fara raguwa, sai a auna halinsa a sa shi a ɗaya daga cikin matakai bakwai na buƙata. Daga cikin abin da yake da haƙƙi a kai akwai gyaran gidan da yake zaune, har zuwa yen 200,000. Shi yana biyan kashi 10 cikin ɗari, masu hali su biya 20 ko 30, inshora ta ɗauki sauran.

Ku dubi ayyukan da aka yarda a kashe kuɗin a kansu. Kafa abin dafawa a jikin bango. Baje tudun da ke tsakanin ɗaki da ɗaki. Sauya daɓe mai santsi. Maye gurbin ƙofa mai wuyar buɗewa da wadda ake turawa gefe. Mayar da masai na tsuguno ya zama na zama. Sai kuma ɗan aikin da waɗannan suka jawo, kamar ƙarfafa bangon da za a kafa ƙarfe a jikinsa. Ba a gina sabon ɗaki da wannan kuɗi, ba a yi wa gida ado da shi.

Dalilin taƙaitawar a bayyane yake. Abin da yakan raba tsoho da gidansa sau da yawa faɗuwa ce guda ɗaya, a banɗaki ko a bakin ƙofa. Ƙugu ya karye, a kwanta wata da watanni, ƙafa ta mutu da zama, daga nan sai jinya mai tsada wadda iyali ba za su iya ɗauka ba. Kuɗin ƙarfen dafawa bai kai na kwana kaɗan a gadon asibiti ba. Ga kuma abin da ba a saya da kuɗi: tsohon da ke iya kewayawa da kansa ya tsira da mutuncinsa, yana nan cikin maƙwabtan da suka san shi.

Akwai kuma tsari wajen fitar da kuɗin. Kafin a taɓa bulo ɗaya, jami'in da ke kula da lamarin tsohon yakan rubuta dalilin kowane gyara, a haɗa da ƙiyasin magini da hoton wurin, a miƙa wa hukuma. Bayan an gama a kawo rasit da sabon hoto. Ana iya cin kuɗin kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙata, kuma idan tsohon ya sauya gida, ko halinsa ya tsananta da matakai uku, sai a sake buɗe masa adadin daga farko.

Jama'a, wanda ya san gidajenmu ya san wannan jeri ba baƙo ba ne. Dokin ƙofa mai tsawo da aka yi don tare ruwan sama, shi ne yake harɗe ƙafar tsohuwa da asuba. Masai na tsuguno azaba ne ga mai ciwon gwiwa. Makewayin siminti yana santsi da gansakuka. Mu har muna da ƙari: katangar ƙasa da damina ta ci gindinta, da rufin da yake yoyo a kan gadon wanda ba zai iya hawa ya gyara ba, 'ya'yansa kuwa suna can wurin neman abinci. Ba mu da inshora irin ta Japan, amma muna da zakka da wakafi, kuma muna da kwamitoci a kowace unguwa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowane kwamitin masallaci ya zaga unguwarsa kafin faɗuwar damina, ya rubuta gidajen tsofaffi marasa ƙarfi. Ku fara da dattijon da kuka daina gani a sahu, kuma ku tafi da mata amintattu, domin su ne za su shiga ɗakunan iyayenmu mata. Na biyu, gidauniya ta tsayar da taƙaitaccen jerin ayyuka da iyakar kuɗin kowane gida, a rubuta dalili kafin aiki, a kawo rasit bayansa, kuma kada a ɗauki hoton kowa sai wurin da aka gyara. Na uku, masu hali su ware wa wannan aiki wakafi mai kawo kuɗin shiga, kamar shago ko gidan haya, domin gyara abu ne da yake dawowa kowace shekara. Wanda ya cancanci zakka daga cikin tsofaffin nan, malamanmu za su fayyace yadda za a ba shi.

A nemi izinin mai gida kafin a taɓa gidansa, a kuma saurari abin da ya ce yana damunsa, domin shi ya san inda ƙafarsa take zamewa.